Ranar Miƙa Mabuɗi

Shekara bakwai na yi a gidan nan na Mabera,
yau na kwashe har tsintsiya.
Kurar ƙarshe ta fita da tukwane,
ɗaki ya koma yana maimaita mini tarina.

Jabbi dillali ya iso bayan azahar,
biro a kunne, littafi a hammata,
bayansa Hajiya Ige, mai gida,
tana takawa a hankali kamar mai dubiya.

"Silin ya faɗo," in ji Jabbi, ya rubuta.
Na ce dakata.
Damina uku ina aike
cewa kwano ya huje daidai kan gadona,
ana ce mini a bari ruwa ya ɗauke.
Ruwa ya ɗauke, aka ce a bari albasa ta yi kuɗi.
An ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo;
to wane ne mai ɗakin,
mai takardar fili, ko mai tara roba tsakar dare?

"Ƙyauren bayi ya ruɓe."
Wannan ka nemi gara, Jabbi.
Ta riga ni shiga gidan nan,
ba ta taɓa biyan haya ba,
kuma ba wanda ya ba ta notis.

Amma gilashin taga, rubuta shi a kaina.
Ƙwallon Sidi ce, ina zaune ta wuce.
Kan famfo ma ni na murɗe shi da haushi
ran da ruwa ya kwana tara bai zo ba.
Baƙin hayaƙin kicin namu ne,
tuwon shekara bakwai ba ya dahuwa a ɓoye.
Abin da hannuna ya ɓata, aljihuna ya sani.

Sai muka fito tsakar gida.
Siminti ya dare gida biyu,
tsaga ta bi ƙasa, ta hau katanga,
har ƙadangare ya samu ɗaki kyauta.
Jabbi ya yi murmushin mahaucin da ya hangi sa:
"Wanga aikin saiwa na. Wa ad dasa dogon yaro?"

Ni na dasa.
Shekarar da muka tare, tsakar gidan nan tanda ce,
ranar Sakkwato na gasa tafin ƙafar yara.
Na sayo shi bai kai tsawon muciya ba,
na shayar da shi ruwan alwala,
na kewaye shi da ƙaya saboda awakin maƙwabta.
A ƙarƙashinsa aka raɗa wa Inno suna.
A ƙarƙashinsa tsohuwata ta yi azuminta na ƙarshe.

"Buhu shida na siminti, ban da yashi da lebura."
Na ce na ji.
Amma jiya da kunnena na ji ka
kana zagayawa da sabon ɗan haya,
kana cewa dubi inuwa, malam,
gida mai inuwa a garin nan sai an ƙara dubu hamsin.
Saiwar tawa ce, inuwar taku?
In za a caje ni abin da ke ƙasa,
a biya ni abin da ke sama.

Kurciya kaɗai ke magana a reshe.
Biron Jabbi ya tsaya a iska.

Hajiya Ige ta tuɓe takalmi,
ta zauna a gindin itacen, ta jingina,
ta lumshe ido kamar wadda ta sauka daga doguwar tafiya.
Ta daɗe.
Sannan ta ce, "Taga da famfo da fenti, shi biya.
Silin nau na, na ji kunya.
Tsagar ga kau a raba ta biyu,
tunda ita ma biyu tar rabu."

Jabbi ya buɗe baki, ta ɗaga hannu.

Na ƙirga kuɗi, na miƙa mabuɗi,
guda biyu, ɗaya ya ɗan lanƙwashe,
ba wanda ya rubuta shi.
A bakin ƙofa na waiwaya.
Ganye na zuba a kan simintin da ya fashe.
Ban san wa zai share gobe ba,
tsintsiyar ta riga ta tafi a kura.